Tangaran ɗin Sin a gidajen sarauta: abin da Paris ta rubuta da abin da Kukawa ta rasa

A watan Yulin 1870 wani likita Bajamushe mai suna Gustav Nachtigal ya shiga Kukawa da raƙuma ɗauke da saƙon Sarkin Furusiya, Wilhelm na Ɗaya, zuwa ga Shehu Umar ɗan Shehu Laminu. Tun watan Fabrairun 1869 ya baro Tarabulus. A cikin kayan akwai karagar mulki mai ruwan zinariya wadda aka lulluɓe da jan karammiski, da manyan hotunan sarkin da na sarauniyarsa da na yarima mai jiran gado, da bindigogi sababbin yayi, da wani abin kiɗa mai madannai, da agogon tagulla. Tukuici ne na karamcin da Shehun ya yi wa matafiya Jamusawa irin su Barth da Rohlfs. Nachtigal ya shiga fada yana fargabar yadda malamai za su kalli hotunan. A cewarsa, Shehu Umar ya dube su ya ce zanen da ke shafe, wanda ba ya yin inuwa, ba shi ne abin gudu ba. Ɗan mutum-mutumin da ke jikin agogon ne bai kwanta masa a rai ba.

Duk wannan bayani, daga launin karagar har zuwa hukuncin Shehu a kan inuwa, ta alƙalamin baƙon ya iso ga masu karatu na yau. Shekara 23 bayan wannan rana, a 1893, Rabeh ya ci Kukawa da yaƙi, dakarunsa suka washe ta suka cinna mata wuta, ya koma Dikwa ya kafa mazauninsa. Gidan Kanemi bai sake samun matabbaci ba sai a 1907, lokacin da Shehu Abubakar Garbai ya tare a Yerwa, garin da yau duniya ta sani da Maiduguri.

A wancan zamanin, a gidajen manyan Turai, akwai wani nau'in baƙon kaya da ya fi karagar Furusiya nisan tafiya, ya kuma fi ta saurin fashewa: tuluna da kwanonin tangaran na ƙasar Sin, waɗanda aka yi wa baki da kunnuwa da gindi na tagulla mai ruwan zinariya. Su ma sun ga juyin juya hali, sun ga wawaso da gwanjo da yaƙe-yaƙe. Amma da dama daga cikinsu na nan har gobe, kuma ana iya faɗin hannuwan da suka bi.

Yadda baƙo ke zama ɗan gida

Mafi yawan wannan tangaran daga gari ɗaya ya fito, Jingdezhen da ke lardin Jiangxi. A can ake haɗa wani farin yumɓu da garin wani dutse, a ƙera, a gasa a zafin da ya kai kimanin digiri 1,300 har ya zama kamar gilashi, idan an ƙwanƙwasa ya yi ƙara, idan an ɗaga sirara daga ciki a rana haske ya ratsa. Turawa sun shafe ɗaruruwan shekaru suna neman sirrin abin, ba su dace ba sai wajen 1708 zuwa 1710 a yankin Saksoni na Jamus, inda aka kafa masana'antar Meissen. Ko bayan haka ƙishin na Sin bai gushe ba. A 1717 Sarkin Saksoni, Augustus, ya bai wa Sarkin Furusiya sojan doki 600 a musayar tangaran guda 151. Babarbare, wanda ya san darajar barde a kan ingarma, shi zai fi kowa jin nauyin wannan ciniki. Manyan tulunan na nan a birnin Dresden, kuma har yau da sunan waɗancan sojoji ake kiransu.

Faransawa ne suka mayar da yi wa tangaran ado da tagulla sana'a mai zaman kanta, musamman tsakanin 1740 da 1760, zamanin Sarki Louis na 15. Akwai wani rukunin 'yan kasuwa a Paris waɗanda dokar ƙungiyarsu ba ta ba su damar ƙera komai da hannunsu ba, sai dai su sayo, su haɗa, su sayar. Su ne ke sayen tangaran daga jiragen ruwan da suka dawo daga gabas, su kai wa mai zane, shi ya miƙa wa maƙerin da zai zuba tagulla, daga nan zuwa mai sassaƙa, sannan mai zuba ruwan zinariya. Ba su jin kunyar taɓa kayan. Tulun da wuyansa ya yi musu tsawo sai su yanke. Wanda ba shi da kunne su huda su sa masa. Kwano biyu sukan kife ɗaya a kan ɗaya, su raba su da zoben tagulla mai huji-huji, a zuba busassun furanni da kayan ƙanshi a ciki don ɗaki ya ɗauka. Matar Maiduguri da ta tashi a gidan turaren wuta da humra ba ta bukatar dogon bayani a nan, kaskon turarenta ne aka yi da tsada.

Maginin tukwanen Jingdezhen da ya ga abin da aka yi wa aikinsa, da wuya ya gane shi. Shi siffa mai sauƙi da launi ɗaya tsantsa ya nufa, kore mai sanyi ko shuɗi mai zurfi, sai ga shi an naɗe masa shi da ganyaye da igiyoyin zinariya masu lanƙwasa. Akwai masanan da ke ganin ɓarna ce. Masu saye kuwa abin da suke so ke nan: tulun ya dace da agogo da fitila da ƙafar teburin da ke kusa da shi, ya daina zama baƙo. Sau da yawa kuɗin adon yakan zarce na tangaran ɗin kansa.

Akwai kuma farashin da ba ya cikin rasit. Ana narka zinariya ne a cikin zaiba, a shafa haɗin a jikin tagulla, a ɗora a wuta. Zaibar ta tashi hayaƙi, zinariyar ta manne. Hayaƙin kuwa huhun ma'aikacin yake shiga, ya jawo karkarwar jiki da zubewar haƙora da taɓin hankali, da yawansu ba sa tsufa. Sai bayan 1840, da kamfanin Elkington na Birmingham ya samu lasisin yin aikin da lantarki, aka fara rabuwa da wannan hanya. Ita dai wannan zaibar ce masu haƙar zinariya na gargajiya ke ƙonawa a dazukan Arewa a yau.

Littafin ɗan kasuwa

Ɗaya daga cikin waɗancan 'yan kasuwa, Lazare Duvaux, ya bar littafin cinikinsa na kullum daga 1748 zuwa 1758, shekarar da ya rasu. Ba littafin hikima ba ne. Kwanan wata ne, da sunan mai saye, da siffar kaya, da farashi, har da ladan gyara da na wanki. Sunan Madam Pompadour, daɗiron sarki, ya cika shafukansa. An buga littafin a 1873, kuma tun daga lokacin ya zama madogarar duk mai son tantance wane tulu ne ya taɓa zama a wane ɗaki. Ita ma fadar Faransa tana da ofishi na musamman mai kula da kayan ɗaki, wanda ke bai wa kaya lamba ya shigar da su rajista.

Da juyin juya hali ya zo, an shekara guda ana gwanjon kayan fadar Versailles, daga 1793 zuwa 1794, aka sayar da sama da rukuni 17,000. Kaya suka watsu. A shekarun da suka biyo baya attajiran Ingila suka yi ta kwasar kayan manyan Faransa, cikinsu har da Sarki George na Huɗu da gidan Hertford, waɗanda tarinsu ya zama gidan tarihi na Wallace da aka buɗe wa jama'a a Landan a 1900, sai kuma gidan Rothschild da suka cika Waddesdon da irinsu. Wawason ya raba kayan da masu su, amma ya bar takardun, kuma takardun ne suka sa aka iya bin sawu.

Misalin da ya fi kowanne fito da wannan shi ne wani ɗan tulu da ake kira na Fonthill. An yi shi a Sin a farkon ƙarni na 14, kuma yana cikin tangaran na farko da aka tabbatar sun isa Turai. A 1381 aka yi masa ado na azurfa mai ruwan zinariya, ɗauke da tambarin gidan sarautar Hungary. A 1713 wani Bafaranshe mai tara tarihi, Gaignières, ya sa aka zana shi da adonsa. Daga baya ya faɗa hannun attajirin Ingila William Beckford. A cikin ƙarni na 19 aka cire adon ya ɓace, tulun ya koma tsirara, ba mai sanin ko shi wane ne. Gidan tarihin Dublin ya saye shi a 1882, ya zauna shekaru da dama ba tare da an san asalinsa ba, sai a tsakiyar ƙarni na 20 wani masani ya gwada shi da zanen 1713 ya ga shi ne. Takarda ɗaya ce ta mayar masa da tarihin shekara 600.

Hanyar da ta biyo ta Sahara

Kuskure ne a ɗauka cewa sha'awar wannan kaya ta Turawa ce kaɗai. Sarakunan Musulmi sun riga su. Fadar Topkapi da ke Santambul tana da tangaran na Sin sama da 10,000, wasu an yi musu murfi da baki na azurfa, wasu an dasa musu duwatsu masu daraja. A fadojin gabas an yi imani cewa koren tangaran yakan tona asirin abinci mai guba, abin da ya ƙara masa farin jini a wurin masu mulki. A gaɓar Afirka ta Gabas, Sawahilawan Kilwa da Gedi da Mambrui sun riƙa dasa kwanonin Sin a bangon masallatai da kan ginshiƙan kaburburan manyansu. Ko a wannan gefen na Sahara, masu tono a Essouk-Tadmakka da ke arewacin Mali sun samu ɓallin farin tangaran na Sin da ya kai kimanin shekara 1,000, wanda ya ratsa teku da hamada a bayan raƙumi.

Borno tana kan wannan hanya. Titin da ya tashi daga Tarabulus ya bi ta Murzuk da Bilma a bakin Tafkin Chadi ya tsaya. A shekarun 1570 Mai Idris Alauma ya aika jakadu zuwa ga Sultan Murad na Uku a Santambul, kuma limaminsa Ahmad ibn Furtu ya rubuta yadda Turkawa masu bindiga suka yi aiki a rundunarsa. Fadar da ke musayar wasiƙa da Santambul ba baƙuwar kayan alatun duniya ba ce. A Sakkwato ma, Clapperton ya ba da labarin cewa a 1824 daga gidan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello an riƙa aiko masa abinci a farantan ƙarfe masu hatimin Landan, wata rana kuma a cikin farar tasar wanke hannu ƙirar Ingila.

Abin da ya bambanta shi ne irin adon da aka yi wa baƙon. Paris da tagulla ta naɗe shi. Magina a Kano da Zariya da Damagaram kuwa gini suka yi masa: duk wanda ya ɗaga kai a tsohon soron sarauta yakan ga tasa ko faranti an dasa a daidai inda bakan gizo suka haɗu a tsakiyar daurin guga. A Borno da ƙasar Hausa baki ɗaya, babban gidan da baƙon kwano ya samu shi ne ɗakin mace.

Jere ba tara kaya ba ne kawai. Tsari ne mai ƙa'ida: babba a ƙasa, ƙarami a sama, launi ya bi launi, layi ya daidaita da layi, har bango ya ɓace a bayan ƙyalli. Kafin zuwan kwanon ƙarfe, da tukwane masu ado da ƙore da akusa da tasoshin tagulla ake yi. Wata mai bincike Bajamushiya, Editha Platte, wadda ta zauna da Barebari a yankin Tafkin Chadi, ta wallafa nazari a 2004 a kan yadda langa da roba suka shiga ɗakunan matan Kanuri suka hau gurbin tukwanen da. Abin da ake jerawa ya sauya, ma'anar ba ta sauya ba. Jeren yana faɗin gidan da mace ta fito da yawan masu ƙaunarta, kuma dukiyarta ce ta kanta, wadda za ta iya sayarwa ranar ƙunci ko ta ɗebar wa 'yarta ranar aure.

A nan ma Sin ta sake shigowa, ta wata ƙofa. Daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa na 1960, masu masana'antu Sinawa daga Hong Kong suka kafa kamfanonin yin kwanon ƙarfe mai fenti a Legas da Kano, suka cika kasuwanni da langa da kwalla da fanteka masu furanni ja da shuɗi. Fentin nasu garin gilashi ne da ake gasawa a jikin ƙarfe. Wato an juya aikin Paris ne: can ƙarfe ke rufe abu mai ƙyallin gilashi, nan gilashin ke rufe ƙarfe. Amarya a Shehuri ko Gwange a 1970, da ta zauna a gaban jerenta, tana yin abin da Madam Pompadour ta yi, da kuɗin da bai kai na ƙusa ɗaya a tulun waccan ba.

Wuta, ruwa da doka

Maiduguri ta ga abin da zai iya cinye kowane irin tari. Shekaru sama da goma na rikici sun kori dubban iyalai daga garuruwan gefen tafki, kuma mai gudun ceton rai ba ya ɗaukar tasa. A ranar 26 ga Fabrairun 2023 gobara ta laƙume Kasuwar Monday, cibiyar cinikin garin. A daren 9 zuwa wayewar 10 ga Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwanni, ya shiga asibitin koyarwa da gidan namun daji da ita kanta fadar Shehun Borno. Alƙaluman da suka iso Abuja na rayuka ne da gidaje da gonaki, kuma haka ya dace. Amma tsofaffin unguwannin da ke kewaye da fada, inda ruwan ya yi ƙarfi, nan ne zuriyar sarakai da malamai da attajiran da suka biyo Shehu Garbai suka zauna tun 1907. Kayan gado da ba a rubuta ba, idan ruwa ya tafi da su, babu ma wanda zai iya faɗin abin da aka rasa.

Ba rashin al'adar rubutu ba ne. Borno ce ƙasar mahram, takardun da sarakuna ke bai wa malamai na keɓe su daga haraji da aikin soja, wasunsu iyalai sun adana su ɗaruruwan shekaru. Ita ce ƙasar girgam, jerin sunayen sarakuna. An rubuta mutane, an rubuta haƙƙoƙi, an rubuta yaƙe-yaƙe. Kayan ɗaki ne aka bar wa ƙwaƙwalwar tsofaffin mata, su ne suka san wace tasa ce ta zo da wace kaka, kuma kowace tsohuwa da ta kwanta dama da nata kundin take tafiya.

Dokar tarayya ma ta bar wata kafa. Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, ta hana fitar da kayan tarihi waje ba tare da izini ba. Sai dai wajen bayyana aikin hannun da ya cancanci wannan kariya, ta ɗaura shi da sharaɗin ya zama ƙirar gida, sannan ya kasance an yi shi kafin 1918 ko an yi amfani da shi a bikin gargajiya. Manufar a fili take: a tsare kayan Nok da Ife da Benin. Amma a zahirin lafazin, karagar da aka ƙera a Berlin ta zauna a fadar Kukawa, ko farantin Sin da ya shekara 200 a ɗakin gimbiyar Borno, ba su da gurbi sarari. Ƙwararren lauya zai iya lallaɓa su ya shigar ta wani sashe, jami'in kwastan da ke tsaye a filin jirgi kuwa tsohon kwanon waje kawai zai gani. Alhali irin waɗannan kaya su ne shaidar cewa Borno ta yi hulɗa da duniya tun kafin a sa wa Najeriya suna.

Lamarin bai tsaya a fadoji ba, ya iso har ofisoshin Abuja. Tun da Najeriya da Sin suka ƙulla hulɗar jakadanci a watan Fabrairun 1971, tawagogi ke kai da komo, kuma tulun tangaran a cikin akwati mai shimfiɗar alharini yana cikin kyautar da aka fi miƙawa a gaban kyamara. Hadimin da ya karɓi akwatin daga hannun maigidansa shi ne mutum na farko da zai yanke inda zai nufa. Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999, a sakin layi na 6 na ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, ya ce kyautar da aka yi wa jami'i a wurin taro ko biki na hukuma ana ɗaukar ta a matsayin kyauta ga ma'aikatar da yake wakilta. Wato tulun kayan gwamnati ne kamar motar ofis, ya kamata ya samu lamba da layi a rajistar kadarori.

Wasu ƙasashen ba su ɗauki abin da wasa ba. A Pakistan, shari'ar kyaututtukan da ya karɓa yana kan mulki ce ta kai tsohon Firaminista Imran Khan gidan yari a watan Agustan 2023. A Amurka, bisa wata doka ta 1966, kyautar gwamnatin waje da ta wuce wani ƙaramin adadi mallakin ƙasa ce, kuma ma'aikatar harkokin waje tana wallafa jerinsu ga jama'a. Tsarin jerin bai yi nisa da littafin Duvaux ba: sunan wanda aka bai wa, siffar kaya, ranar karɓa, kiyasin kuɗi, sunan mai bayarwa, da wurin da aka ajiye kayan.